Ciwon Matata Na Ɗauka Raini Ne

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni manomin rani ne a gefen dam ɗin Watari, ina noman tumatir da albasa, kuma mutum ne ni mai ji da kansa a cikin gida. Matata kuwa tun da na auro ta ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

Bayan haihuwarta ta uku sai ta canza. Ga ci amma kullum ramewa take, ga gumi ko ana sanyi, hannu na rawa har kwanon miya ya suɓuce mata. Abu kaɗan ta hau faɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai idanunta ne, sun firfito, in ina magana sai in ga kamar zare mini su take. Ta sha gaya mini ƙirjinta na bugawa, ni kuwa in ce rashin kunya ta koyo. Ranar da ta mayar mini da magana a gaban ƙanena, na ce ta tafi gidansu sai ta koyi ladabi.

A can ta faɗi a bakin rijiya, yayanta ya kai ta asibiti a Kano, ya aiko a kira ni. Na je ina cika ina batsewa. Likita ta nuna mini kumburi a wuyanta, wanda ni mijinta ban taɓa lura da shi ba. Ta ce garkuwar jikinta ce ta juya kan wata halitta da ke maƙogwaro, tana tsikarar ta, ita kuma tana zuba sinadari fiye da kima, shi ya kawo ramar da faɗan da fitowar ido. Ta ce abin yakan bi jini, yayanta ya ce ai mahaifiyarsu da maƙoƙo ta rasu. Sai likita ta juyo ta tambaye ni me na yi tun da ciwon ya fara. Matata ce ta amsa daga kan gado: "Ya yi ƙoƙari, likita, aikin gona ne ya yi masa yawa."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta dawo ɗakinta, tana shan magani, ta murmure, 'ya'yanmu mata kuma an ce mu riƙa lura da su. Na roƙe ta gafara ta yafe, amma har yau in na hango yayanta a kasuwa sai in sauya hanya. Magidanta, in wanda kuka sani da haƙuri ya sauya hali, ku kai shi asibiti kafin ku yanke masa hukunci. Ni marar lafiya na kora, kuma ita ce ta rufa mini asiri.