Kunyar Ɗan Fari a Gaban Alƙali

A farkon shekarun tamanin, lokacin muna cikin jihar Kaduna ba a kai ga yanke mana Katsina ba, ina karatun digiri na uku a fannin halayyar ɗan Adam, ɓangaren da yake aiki da kotu. Idan alƙali ya yi shakkar hankalin wanda ake tuhuma, ko yana so ya san da wace irin zuciya ya aikata abin da ya aikata, sai a tura irinmu mu zauna da mutumin, mu dawo mu faɗi abin da muka gani. A gidanmu a Malumfashi ba wanda ya taɓa gane wannan bayani. Gwaggona tun farko ta yanke cewa karatun mahaukata nake yi, haka take faɗa wa duk wanda ya tambaya, har ta ƙara da cewa dama tun ina ƙarama an ga alama. Na gaji da gyara mata na ƙyale ta.

Malamin da ke duba aikina ya san aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. Bahaushe ne ɗan birni, ya daɗe a ƙasar waje, ya dawo da lofe a baki da wata aƙida cewa duk abin da ba a auna ba hira ce kawai. A sashenmu shi kaɗai ne zai iya sa hannu a kundin bincikena. Ya san haka, ni ma na sani.

Da kaka, ana tsakiyar cirar auduga, aka turo mana wata shari'a daga Funtua. Mace ce daga wani ƙauye gefen Ƙarfi, ta girme ni kaɗan, ana tuhumarta da kashe ɗanta na fari. A shekarun nan kowane manomin auduga yana sayen maganin feshi a galan, galan ɗin kuma mai kyau ne, ga murfi, ba ya yoyo. Wa zai jefar da irin wannan? Sai a wanke shi da toka da ruwan zafi, a shanya, ya koma na kai ruwa ko kunu gona. Ita kuma ta ɗauki ɗaya da take zaton an wanke, ta zuba kunun tsamiya, ta ba yaron ya kai wa ubansa. Yunwa ta kama shi a hanya, ya kafa kai ya sha. Kafin a isa asibiti da shi rai ya yi halinsa.

Asibiti suka sanar da 'yan sanda. Da suka je gidan sai suka tarar da ita zaune a ƙofar ɗakinta, ido a bushe. Suka tambayi wanda ya ba shi kunun, ta ce ita ce. Suka tambaye ta sunan yaron, ta kau da kai, sai ƙanen mijinta ne ya faɗa. Dangin mijin sun yi ta rantsuwa cewa tsautsayi ne, amma 'yan sandan sun riga sun ga uwar da ba ta kuka, wadda kuma ba ta ko son ambaton ɗanta. Aka shigar da ƙarar kisan kai da gangan. Idan kotu ta yarda da haka, rataya ce.

Tare da Malam muka fara zuwa gidan yari. Aka ba mu ɗan ofis, aka zaunar da ita a kan benci tana fuskantarsa. Ya tambaye ta sunan yaron, ta sunkuyar da kai. Ya tambayi yadda take ji a ranta, ta ce lafiya lau, sai godiya. Ya tambayi wanda ya raini yaron, ta ce kakarsa, ita ba ruwanta da shi. Sannan ya dube ta ido cikin ido ya tambaye ta ko tana son ɗan nata. Ta yi wata 'yar dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. Na ga alƙalamin Malam ya yi gudu a kan takarda.

A mota muna dawowa ya ce bai taɓa ganin busasshiyar zuciya irin wannan ba, hankalinta garau, kuma babu ko ɗigon nadama. Na ce masa, ranka ya daɗe, ɗan fari ne fa. A ƙauyukanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban surukai ko baƙon namiji. Duk wadda ta yi, an dinga yi da ita ke nan cewa ba ta da kunya. Ya ce ai shi ma ba daga sama ya faɗo ba, ya san wannan. Amma kunya ta masu rai ce, tana ƙarewa a bakin kabari, kuma alƙali ba zai karɓi al'adar ƙauye a madadin gwaji ba. Raina ya ɓaci. Na ƙyale shi don motarsa ce, kuma tafiyar da sauran nisa.

Ka'idar karatun ta ba ni damar ci gaba da ganinta ni kaɗai, don haka na dinga shiga motar haya zuwa Funtua. Zuwan farko da na biyu ban samu komai ba sai to, da haka ne, da Allah ya saka. Sai wata rana ɗankwalinta ya zame, na ga kanta ya cukurkuɗe, tun rasuwar ba a taɓa shi ba. Na roƙi gandirobar mata ta bar ni in yi mata kitso. Duk macen da ta tashi a ƙasar nan ta san abin da ake faɗa a wurin kitso ba a faɗarsa a kan benci, don mai magana ta ba ka baya, ba ta ganin idonka, ba ka ganin nata. Kafin in sa tsinke a kanta na gaya mata ƙarara cewa ni kotu ta aiko, abin da na ji zan iya kai shi can. Ta ce to.

Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko sau ɗaya. Yaron gidanmu take cewa, wani lokacin mai saurin nan. Amma tsifa ba ta ƙare ba ta fara magana. Yana son ƙanzo, sai ta dinga kankare tukunya ta kai ɗakin kakarsa ta ajiye kamar mantuwa ta yi. Ta taɓa ɗinka masa riga da hannunta a ɓoye, ta ba ƙanwar mijinta ta ce ita ta ɗinka. Idan ya dawo daga firamare yana karanta wa ubansa littafi da ƙarfi, sai ta sami abin yi a bayan zana, ta tsaya tana saurare, ba ta gane ko kalma ɗaya amma ba ta iya tafiya. Tana faɗa murya ba ta rawa, sai dai ina jin wuyanta yana karkarwa a tsakanin gwiwoyina. Gandirobar ta tabbatar mini tun da aka kawo ta kunu bai wuce maƙogwaronta ba, ko warinsa ta ji sai amai. Ta rame ta zama ƙashi da fata. A wani zuwan ta tambaye ni ko akwai yadda za a yi a gaggauta ratayar, don jiran ya ishe ta.

Ranar da na ƙarasa mata kitson ta ɗaura ɗankwali, har yanzu ba ta juyo ba, ta ce, “Malama, wannan hirar kitso ce. Ta tsaya nan.”

Na ce, “Yaya, ba zan yi miki alkawarin da ba zan cika ba.”

Gandiroba ta zo ta tafi da ita.

Na rubuta abin da na gano, cewa matar tana cikin matsanancin baƙin ciki irin wanda yake kai mutum ga neman mutuwa, kuma abin da aka ɗauka taurin zuciya kunya ce. Malam ya karanta yana zuƙar lofe, ya ajiye, ya tambaye ni a wace makaranta aka koya mini kitso a matsayin hanyar gwaji. Ya ce rahotonsa ne zai tafi kotu, nawa in adana shi don tarihi. Da ya ji lauyan da ke kare ta yana nemana, sai ya kira ni ofis ya ce ba zai hana ni ba, amma ranar da na tsaya a gaban alƙali na ƙaryata shi, in nemi wani ya sa mini hannu a kundi. Na yi shekaru ina wahala a kan kundin nan, na bar 'ya'yana wurin mahaifiyata saboda shi. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma fushin ya fi tsoron yawa. Na ce masa Allah ya huci zuciyarsa, na fito.

Lauyan nata Bayerabe ne haihuwar Funtua, uwarsa atamfa take sayarwa a kasuwa, Hausa a bakinsa kamar ta kakata. Bai buƙaci in yi masa bayanin kunyar ɗan fari ba, cikinta ya girma. Abin da ya rasa shi ne mai takardar karatu da zai faɗe ta a gaban kotu, ya ce ko rabin takarda ce ya gode.

Ranar shari'a mutanen ƙauyen suka cika kujerun kotu, surukinta da surukarta a gaba. Malam ya fara ba da shaida, cikin natsuwa da Turanci mai daɗi. Sannan aka kira ni. Lauyan gwamnati ya so ya mai da ni abin dariya, ya ce in nuna wa kotu littafin da aka rubuta wannan kunyar a ciki. Na ce ba a rubuta ba tukuna, shi ya sa na zo da bakina. Alƙalin mutumin nesa ne, dattijo mai haƙuri. Ya ce ya ji batun al'ada, amma al'ada tana iya zama mafaka ga mai laifi kamar yadda take ga marar laifi. Shi so yake ya san abu ɗaya, me ya nuna mini cewa wannan matar ta so wannan yaron.

Na dubi inda take zaune. Na san akwai tafinta a tsaye, aikinsa ya juya duk abin da aka faɗa zuwa Hausa da ƙarfi don wadda ake tuhuma ta ji, kuma duk wanda ke ɗakin zai ji tare da ita. Na san abin da zan yi mata. Na fara da ƙanzo. Tafinta ya juya. Na faɗi rigar, na faɗi tsayuwar bayan zana, na faɗi amai da neman a gaggauta. Kowace jimla na sauke sai ya ɗauka ya shimfiɗa ta a gaban surukinta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi ta duƙawa har goshinta ya kusa taɓa gwiwa. Surukarta ta juya tana kallonta baki buɗe. Ban tsaya ba sai da na ƙare.

Da aka dawo yanke hukunci alƙali ya ce bai ga niyyar kisa ba, tsautsayi ne, ya sallame ta. Malam kuma ya cika maganarsa. Sai da na koma wata jami'a na faro kusan daga tushe, kafin in gama ƙannena a karatu duk sun riga ni.

Bayan sallamarta da 'yan watanni na je ƙauyen, na yi tsaraba, ina tafe ina jin daɗin kaina. Mijinta da surukinta suka tarbe ni kamar su goya ni. Ita kuwa ta jira har ɗakin ya zama daga ni sai ita, sannan a karon farko ta dube ni cikin ido.

“Malama, tun ranar da na haife shi nake riƙe da abu ɗaya, ba wanda ya gani. Kin ɗauka kin shanya shi a gaban surukina. Yanzu ko rijiya na je sai a bi ni da ido, ana cewa ga wadda take laɓe wa ɗanta. Da kin bari sun rataye ni, da na tafi da mutuncina.”

Na ji maganar har cikin ƙashina. Amma ban zo in yi mata ƙarya ba. Na ce, “Yaya, ko gobe aka sake, haka zan yi.”

Ta ce to kada in sake taka mata gida. Ban sake ba.

Labarinta ya ci gaba da iso mini ta bakin 'yan'uwa masu zuwa cin kasuwar Malumfashi. Ta sake haihuwa, ta aurar, ta yi ƙiba har ana tsokanarta. Sun ce duk wurin da aka ambace ni, ko a gidan biki ne, sai ta tashi ta bar wurin. Ta rasu shekarun baya da tsufanta, a ɗakinta, jikoki kewaye da ita. Ba ta yafe mini ba, ni kuma ban taɓa aika kowa ya roƙar mini ita ba.