Sunan da Na Laƙaba wa Tsohon Sojan Gurka

Lokacin ina aikin gadi a wani ofis da ke unguwar Aldwych a London, ga digiri biyu a jaka, ga baƙin rai. Gani nake London ta raina ni, ni ma sai na shiga neman wanda zan raina. Ana haka aka kawo mana sabon supervisor, wato shugaban masu gadi, wani gajeren dattijo ɗan Nepal mai ɗingishi, wai tsohon sojan Gurka ne, irin waɗanda Birtaniya ke ɗaukowa su yi mata yaƙi. Haba! Wannan ɗan tsurut ɗin ne zai riƙa duba ko na goge takalmi? Wallahi na tsane shi. Sai na laƙaba masa suna Gurgu. Shi a zatonsa haka Hausawa ke faɗin Gurka, sai ya amsa da murmushi har da dafa ƙirji. Shekara guda cur ina zaginsa yana godiya.

Wata safiya wani ƙaton Bature ya shigo ya rungume shi. Ashe tsohon kwamando ne na rundunar sojojin musamman, kuma dattijon nan ne ya goyo shi daga fagen daga, shi kansa da harsashi a ƙafa. Ni ban san wannan ba, na ƙwala wa dattijon kira yadda na saba. Baturen ya juyo a fusace, ya tambaye ni da Hausa wa nake ce wa gurgu. Ashe ya taɓa horar da sojoji a Arewa. A gaban kowa ya fassara sunan, ya ce ƙafar da nake wa dariya ita ta dawo da shi wajen ’ya’yansa. Murmushin dattijon ya ɗauke. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Manaja ya ce wa dattijon ya rubuta ƙara a kore ni. Dattijon ya ƙi, ya ce ya san ina da iyali, amma kada in sake kiransa da kowane suna, ko na gaskiyar. Na ba shi haƙuri, ko kallona bai yi ba. Shekara biyu muka ƙara tare, a takarda yake ba ni umarni har ya yi ritaya.

’Yan’uwa masu zagin mutane da Hausa a cikin jirgin ƙasan London don kuna ganin ba a ji, ku daina. Ni aikina ya tsira, amma har yau ban samu yafiyarsa ba, kuma ban san inda yake ba.