Uwar da Ta Tsaya a Bakin Ruwa

A ƙauyenmu na bayan Wagini, idan an gama girbi sanyi ya fara shigowa, ɗakin kakata Inna Delu ne makarantarmu ta bayan isha'i. Takan hura wutar kara a tsakar ɗaki, ta zube mana gyaɗa a faifai, ta ce bakin da bai ɓare ba kunnensa ba zai ji labari ba. Mu kuwa mu ɓare ɗaya mu ci biyu. Ni take kira mijinta, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikoki, kullum tana ƙorafin ta auri rago mai majina wanda ko goro bai taɓa saya mata ba.

Tatsuniya tana yin ta a kishingiɗe, har da kwaikwayon muryar kura. Amma ran da muka ga ta miƙe zaune ta gyara ɗankwali, mun san ƙissa ce.

"Ku yi salati," in ji ta. "Wagga ba ta ƙarya ba ce, ba a dariya cikinta."

Wadda ta fi so ita ce ta uwar Annabi Musa. Fir'auna ya sa a yanka duk ɗa namijin da aka haifa wa Bani Isra'ila. Matar nan ta haihu, ta ɓoye jaririn iya ɓoyo, har kukansa ya fara fin ƙarfin zane. Sai Allah Ya sanya mata a zuciya ta saka shi a akwati ta sake shi a kogi, Ya yi mata alkawarin dawo mata da shi. Ta yi yadda aka ce. Ruwa ya kai shi gidan wanda take gudu, matar gidan ta so shi, ya ƙi nonon kowa, har aka nemo uwarsa ta shayar da shi.

Mu ba mu san wani kogi ba sai ƙoramar bayan gari, wadda rabin shekara yashi ce zalla. Shi ya sa wata rana na ce ai ba abin tsoro, akwatin zai zauna kan yashi ne ta je ta ɗauko abinta da safe. Yara suka tuntsire. Inna ba ta yi dariya ba.

"Kai dai ka cika miji na banza," ta ce. "Ruwa ne mai cin raƙumi. Ku kuna bin akwati da ido. Ni hannunta nake kallo, lokacin da ta ɗauke shi daga kan akwatin. Ba wanda ya ɓamɓare mata yatsu, hwa. Ita ta buɗe su."

A lokacin ban gane ba. Na ɗauka daɗin labarin yana wurin dawowar jariri.

Na girma, na yi aure, na haifi biyu. Inna ta faɗi a bakin rijiya ƙugunta ya goce, ta koma sai an ɗaga ta. A cikin haka 'yan bindiga suka matso yankinmu. Wata damina, gero ya fara fitar da kai, aka faɗa wa ƙauyen da ke kusa da mu, kafin azahar gari ya fara watsewa. Babur ɗaya gare ni. Ni, matata, yara biyu. Ko da wuri ya samu, Inna ba ta iya zama a kansa. Na ce matata da yara su bi wani, ni zan tsaya da ita. Ba wanda ke da wuri.

Ta sa aka fito da ita ƙofar gida kan tabarma.

"Zo nan, mai gida. Ka san yadda ka zo hannuna? Yaye aka kawo ka, kamar kowane ɗa. Kana ta tsala kuka, na ce ma uwarka ta tahi kada ta waiwayo, don in kuka haɗa ido ba ka yayuwa. Tana hawaye ta tahi. To yau ni ke cewa. Ɗauki ɗiyanka. Wanda Ya ba ni kai Yana nan, ba Ya hawa babur. Kada ka waiwayo."

Na ce gobe zan dawo da mota. Ta ce Allah Ya kai mu. Liman da wasu tsofaffin da suka ƙi tashi suka ce za su kula da ita, kuma sun kula.

Motar ba ta samu ba. Direbobi suka daina bin hanyar, ruwa ya cinye mashigar ƙorama, ni kuma ina Batsari ina zarya daga wannan tasha zuwa waccan. Kafin hanya ta buɗe zazzaɓi ya ɗauke ta. Tsofaffin nan ne suka yi mata sutura.

Na daɗe ina jin ɗacin abin, har nakan ce a raina ita uwar Annabi Musa ai an yi mata alkawari, an kuma cika. Inna ba a yi mata alkawarin komai ba. Daga baya na nemi gafarar Allah, don na ga abin da take nufi da hannu: biyayya tana wurin buɗe yatsu, sauran na Wanda Ya halicci ruwan ne. Yarana suna raye, suna zuwa makaranta. Abin da ta saka a akwatinta ya isa gaci.

Amma zuciya ba ta karatu. Ta ce kada in waiwayo, ban waiwayo ba. Har yau ban sani ba ko ta bi mu da ido har muka sha kwana, ko kuwa ta rufe fuskarta da zane tun ina tada babur.