Mai Hura Gawayi da Fim

A tashar motar garin Oruro akwai wata tsohuwa mai tsire, yatsunta duk tabon ƙuna. Daga wani gwangwani take zaro guntayen tsohon fim ɗin silima tana hura gawayi, irin fim ɗin da idan ya kama, ko ruwa ba ya kashe shi. Kafin ta ƙyasta ashana, sai ta ɗaga guntun ga rana, tana duba fuskokin da haske ya bari a jikinsa.

"Doña Eduviges, wata rana har ke fim ɗin nan zai cinye," in ji wani direba.

"Ba shi ba ne," ta ce, idonta a kan wata fuska a guntun, ba da direban take ba.

Wuta ta lashe fuskokin nan take. Miji take nema, ko ɗa? Gwangwanin dai ya kusa ƙarewa.