Tsakiyar Iya da Tukunyar Iri

Ranar wata Alhamis cikin bazarar 1974 aka sake shiga rijiyar unguwarmu domin yasa. Daminar da ta wuce ta yi mana gardama, gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, ruwan rijiya kuma kullum sai ƙara gudu ƙasa yake yi. Maza na ciki suna haƙa, na waje suna jawo ƙasa suna zubarwa, mu kuwa yara mun kewaye tsibin ƙasar kamar kaji. Ni duwatsun carabke nake nema, don na gaji da aron na ƙawata Ladidi, wadda ba ta ba da aro sai da gori. Ina cikin tono sai hannuna ya faɗa kan wani ɗan dutse fari tas, mai kusurwoyi kamar an fiƙe shi da wuƙa. Na tofa masa yawu, na goge da gefen zane, na ɗaga shi sama, sai na ga rana ta ratsa shi. A guje na kai wa Iya.

Iya kakata ce, mahaifiyar Baba, kuma da ƙuruciyarta ta yi dillancin kayan adon mata gida-gida. Ta jujjuya dutsen, ta ce ƙanƙarar dutse ce, ko mudun dusa ba za ta sayo ba, amma dai dutse ne na Allah. Da ta ga na kafe a gabanta, sai ta koya mini yadda ake rarrabewa. A ƙwanƙwasa shi a haƙorin gaba a saurari ƙararsa, a ɗora shi a kunci a ji daɗewar sanyinsa, sannan a leƙa cikinsa ta hasken rana. In an ga ƙananan kumfa, to kwalba ce aka narka. Takan ce, "Kwalba ta fi ƙyalli, dutse ya fi haƙuri." Tun daga nan na zama abin tsokana. Duk inda ake yasa ina can, haka cikin busasshen rafi, haka tsohon kufai na bayan gonarmu inda akan tsinci fasassun duwatsun wuya. Na cika gwangwanin madara, nakan baje su a faifai in ware na kirki. A makaranta yara na kawo mini nasu lokacin tara, ni kuma in yanke hukunci kamar alƙali, ba ɗaukaka ƙara. Inna, mahaifiyata, ta ce da duwatsu na dahuwa da ni ce mai ciyar da gidan.

Ba wasa kawai take yi ba, don lokacin tukunyarmu sau ɗaya take hawa murhu. Rumbu ya zama ɗakin ɓeraye, su ma sun yi ƙaura. Mun ci kwaɗon busasshiyar tafasa, mun ci tuwon dusa, awaki sun tafi kasuwa, jaki ya bi su. Hatsin da ya rage a gidan shi ne iri, cikin wata tukunya a ɗakin Baba, an barbaɗe shi da toka an liƙe bakin da laka. Kowa ya san dokar, wanda ya ci iri ya ci baɗinsa. Amma ƙanena Sani ya rame har kukansa ba ya fita sosai, kuma na sha ganin Inna tana tsayawa a ƙofar ɗakin nan ba tare da wani dalili ba. Baba ya ce ba mai taɓa tukunyar muddin tsakiyar Iya tana nan. Wani dogon zubi ne na jajayen duwatsu da ta gada wajen mahaifiyarta, duk ƙauyen an san shi, ba ta sa shi sai sallah ko biki.

Da abin ya kai maƙura, Baba ya durƙusa a gaban Iya ya roƙi tsakiyar don a sayar, kansa a ƙasa. Ba ta musa ba. Bayan ya fita ta sa ni na ciro tsakiyar daga ƙasan adudu, ta ce in sake mata zare, don tsohon ya ruɓe. Na zazzage duwatsun a faifai, kuma hannu da sabo, sai na kai ɗaya haƙori. Kwalba ce. Na ɗauki wata, ita ma haka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina fatan kunnena ne ya yi kuskure, har na kai ƙarshe. Dutsen gaske ɗaya tak na samu. Iya tana zaune tana kallona tun farko, ba ta hana ni ba.

"Kin gama?" in ji ta. "Sauran ubanki ya cinye su yana yaro, bai sani ba."

Ta ce a wata yunwa ta zamanin da, ta riƙa cire su tana kaiwa birni tana sayo hatsi, tana maye gurbinsu da na kwalba masu kama da su, don kada maƙwabta su gane inda gidan mijinta ya kai. Ko kakana har ya rasu bai sani ba. Da la'asar ta kira Baba ta gaya masa da bakinta. Tausayinsa ya kama ni fiye da tsoron yunwa. Washegari ya hau motar Minjibir zuwa birni da dutsen nan ɗaya, ya dawo da garin rogo a ƙullin da yaro ma zai iya ɗauka. Da garin ya ƙare, shi da kansa ya fasa lakar tukunya, ya auna rabin irin ya miƙa wa Inna ta surfa. Sani ya ci, ya tashi. Iya kuwa ta ture kwanonta gabansa, ta ce ba ta taɓa cin iri ba, ba za ta fara da furfura ba. Haka ta yi ta yi har tuwon ya ƙare. Ruwa ya sauka, muka shuka rabin gona, rabi ya tafi ga ciyawa. Geron ya yi kyau, amma Iya ba ta ga yankansa ba.

Da aka zo rabon gado, tsakiyar ta faɗa hannun Goggo, ƙanwar Baba. Ni da Baba muka haɗa ido. Goggo ta yi shekaru tana sa ta gidan biki, mata na shafawa suna yabon kayan da, har ita ma ta koma ga Allah.

Yau ina zaune a birni, unguwar Rijiyar Zaki, jikokina ba su san tukunyar iri ba, in hatsi ya ƙare shago ake aikensu. Duwatsuna sun bar gwangwani sun koma akwati mai gilashi, har da madubin dubawa na saya, kuma mata kan kawo mini kayan iyayensu in duba musu. Idan wata ta kwance ƙullinta, nakan fara tambayarta ko sayarwa za ta yi. In ta ce a'a, ajiya ce kawai, sai in yaba kyansa in mayar mata. Ba kowane dutse ake kaiwa haƙori ba.