Shinkafar da Ta Ƙi Tuƙuwa

Shekarar da Inna ta zo wurina a Bronx, can Amurka, aka yi mata aikin ciki, abinci ya gagare ta. Duk abin da na kawo sai ta kau da kai, ita tuwon shinkafa take so. Likita kuwa ya ja mini kunne, in ta ci gaba da ramewa asibiti za a mayar da ita. Inna ta ce gara a kai ta filin jirgi.

Na taso daga aiki na tarar da shagon mutumin Nijar da nake cefane a rufe, sai na faɗa na 'yan Pakistan. Na ɗauko buhun shinkafar da ya fi kyan gani, wai ni uwata ba ta cin ta banza. Basmati ce, doguwa siririya. Tana tafasa ƙamshi ya cika gidan, na ce yau na dace. Da na sa muciya, shinkafa ta ce ba ta san zancen ba. Na ƙara ruwa, na tuƙa har kafaɗata ta sage, ta ƙi haɗuwa. Na zauna a ƙasan kicin ina kukan takaici.

Ƙamshin ne ya kawo maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Lahore ta Pakistan da sallama kawai ke haɗa mu. Ta leƙa tukunya, ta ga muciya, ta dafe ƙirji. Da guntun Turancinta ta fahimtar da ni cewa su a ƙasarsu ajiye shinkafar nan suke yi ta tsufa, su jiƙa ta, su dafa a hankali, kuma wadda tata ta caɓe a gaban baƙi ta ji kunya. Ni kuma ga ni ina jibgarta da itace.

Na buɗe mata ƙofar ɗakin Inna. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta fita ta dawo da wani ƙaramin wake rawaya, da kurkum da man shanu. Ta zuba a tukunyar da na ɓata, ta bari komai ya narke. Ta ce marar lafiya su ma haka suke dafa masa. Har gobe ina gode wa matar nan.

Ita ta zauna bakin gadon Inna da kwanon abincin. Inna ta sunsuna, ta karɓi cokali ɗaya, ta sake buɗe baki.

"Ki ce mata Allah ya yi mata albarka," in ji Inna. "Ki tambaye ta kuma ko da saura."