Ƙwarin Baba a Faifan Kaka

Jiya a wani lambu na Paris na ji kwanson wata ƙaya yana fashewa cikin rana, ɓas, ɓas. Ƙarar ta mayar da ni gidanmu na garin Bron, nan Faransa, ina 'yar shekara tara.

Baba yana aiki a labo, ɗakin binciken kimiyya, yana kiwon wani ɗan ƙwaro mai dogon baki da ke cinye 'ya'yan irin wannan ƙayar mai fure ruwan ɗorawa. Ƙayar ta mamaye makiyaya a wani tsibiri mai nisa, can za a kai ƙwarin su rage ta. Amma Kaka, wadda ta zo mana daga Maradi, ba ta san haka ba. Ita dai ɗanta likitan shuka ne. Da wane baki zai gaya wa wadda ta yi shekara sittin tana yaƙi da ƙwaron wake cewa ƙwaro yake reno?

Wata Juma'a firijin labo ya lalace, Baba ya zo gida da akwatin kwansunan ƙayar da ƙwarin a cikinsu, aikin shekara guda. Ya ja ni gefe ya ce kada kowa ya buɗe, in suka mutu aikinsa ya tafi. Na ce to, na kuwa tafi wasana.

Da na dawo da azahar, ga kwansunan baje a faifai kan baranda, rana tana dukansu, an barbaɗe su da tokar kaskon turare. Suna fashewa, ƙwarin suna fita. Kaka na murje su da babban yatsa, tana mitar cewa Turawa ba su iya ajiyar iri ba. Ina tsaye nan na ji mabuɗin Baba a ƙofa.

Bai yi tsawa ba. Ya durƙusa kamar mai gaisuwa.

"Inna, ki dakata. Waɗannan su ne aikina. Kiwonsu nake yi."

Ɗan fari ne, Kaka ba ta kama sunansa.

"Kai wannan, abin da na sayar da gerona ka karanto ke nan?"

Can sai ta ja faifan zuwa inuwa, ta ce in kawo kwano mai murfi. Yatsun da suka fi kowa iya gano ƙwaro cikin wake suka shiga tsinto masu sauran rai ɗaya bayan ɗaya, tana hure musu toka. Abin da ta tsinto ya ishi Baba ya sake farawa, ba a sallame shi ba.

Yau waken da nake saye a leda yake zuwa, ko huda ɗaya babu, 'yata ba ta taɓa tsinta ba. Kaka kuwa har ta rasu likitan shuka take ce wa mutane. Amma duk sanda Baba ya kira ta, bayan an gaisa, sai ta rage murya ta ce, "Ya dabbobin naka?"